Sana'ar mai kaɗa marimba: me ya sa kiɗa, tsara kiɗa da koyarwa ke tafiya tare

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na ga bidiyon wata dattijuwa 'yar Japan, Keiko Abe, tana kaɗa wani dogon abin kiɗa na katako da sanduna huɗu a gaban zaure cike da jama'a. An ce ita ta tsara kiɗan, kuma malama ce a makarantar kiɗa. Wannan sana'a ce da mutum zai iya rayuwa da ita? Ta ina ake farawa, kuma dole ne sai an haɗa ayyukan uku?"

Ɗan'uwa, sana'a ce, amma da wuya ka sami wanda yake cin abinci da hawa dandali kaɗai. Dalilin yana cikin tarihin abin kiɗan, wato marimba. Mai koyon fiyano yakan tarar an ajiye masa rubutaccen kiɗa na kusan shekara 300, an gama daidaita ƙirar fiyanon, makarantu kuma suna jiransa. Wanda ya ɗauki marimba a tsakiyar ƙarni na 20 bai tarar da ko ɗaya cikin ukun nan ba. Sai da ya nemi a rubuta masa kiɗa, ya zauna da maƙera su gyara masa kayan aiki, sannan ya raini ɗaliban da za su ci gaba. Rayuwar Keiko Abe ita ce misali mafi kyau na wannan, shi ya sa zan bi ta kanta, in kuma tsaya a wuraren da mai son koyo ya kamata ya sani dalla-dalla.

Siffar abin ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Wanda ya taɓa ganin kundung na Birom a Filato, ko balafon na Mali da Gini, ko gyil na Dagara a arewacin Gana, ya riga ya san tushen: katakai a jere, kowanne da sautinsa, a ƙarƙashin kowanne kuma akwai ƙaho ko ƙwarya da ke ƙara masa amo. Sunan marimba ma daga harsunan Bantu ya fito. A Gwatamala da kudancin Meziko ne aka ƙara jeri na biyu na katakai a ƙarshen ƙarni na 19, aka tsara su irin na fiyano, daga baya masana'antun Amurka suka sa bututun ƙarfe a madadin ƙwarya da akwatin itace. Marimbar zaure ta yau tana da oktaf biyar, wato katakai 61, tsawonta ya haura mita biyu da rabi. Oktaf shi ne tazarar da ke tsakanin sauti da ɗan'uwansa mai ninkin girgizarsa.

An haifi Abe a Tokyo ranar 18 ga Afrilu 1937. Ta fara da zailofon, ƙanin marimba mai kaifin murya, tun tana firamare, a hannun Eiichi Asabuki. Tana da shekara 13 ta ci gasar gidan rediyon NHK, ta fara kiɗa kai tsaye a rediyo. Marimba kuwa ta fara jin ta ne a farkon shekarun 1950, lokacin da wasu 'yan mishan na Amurka suka shigo da ita Japan. Ta yi karatu a Jami'ar Tokyo Gakugei, a 1962 kuma ta kafa ƙungiyar mutum uku mai suna Xebec, suna kaɗa waƙoƙin gargajiya da na yayi. Ta yi shekaru tana aikin ɗakin ɗaukar sauti, da rediyo, da shirin talabijin na koya wa yara. Kada ka raina wannan zango. A nan ne mai kiɗa yake koyon karanta rubutun kiɗa a gani na farko ba tare da shiri ba, da riƙe lokaci, da kiɗa tare da wasu. A nan kuma ake samun kuɗin da za a biya masu tsara kiɗa daga baya.

Kafin ita akwai waɗanda suka share hanya a Amurka. Clair Omar Musser ya tara marimba 100 a bikin baje kolin Chicago na 1933. Paul Creston ya rubuta wa marimba da babbar ƙungiyar makaɗa kiɗa a 1940, Darius Milhaud ya yi nasa a 1947, Vida Chenoweth kuma ta kaɗa na Robert Kurka a zauren Carnegie da ke New York a 1959. Duk da haka, kiɗan da aka rubuta domin marimba musamman bai taka kara ya karya ba. Yawancin abin da ake kaɗawa aro ne daga kiɗan fiyano da na biyolin (gogen Turawa), jama'a kuma suna kallon abin a matsayin kayan nishaɗi.

Ranar 4 ga Oktoba 1968, a zauren Iino da ke Tokyo, Abe ta yi zaman kiɗan da ya sauya wannan kallo. Ba ta kaɗa aro ba. Ta kawo sababbin ayyuka na manyan masu tsara kiɗa na Japan, ciki har da Minoru Miki, Akira Miyoshi, Teruyuki Noda da Akira Yuyama. "Time for Marimba" na Miki da "Torse III" na Miyoshi, duka na 1968, har yau ɗalibai a faɗin duniya suna gwada ƙwanjinsu a kansu. A ganina wannan rana ta fi duk lambobin yabon da ta samu daga baya muhimmanci, domin ta nuna wa masu tsara kiɗa cewa idan suka rubuta abu mai wuya da zurfi, akwai hannun da zai fitar da shi.

Sa a rubuta maka kiɗa aiki ne mai ƙa'ida, kuma a nan matasa da yawa suke asarar kuɗi. Ana yin yarjejeniya a rubuce: tsawon kiɗan a mintuna, ranar miƙawa, faɗin marimbar da za a rubuta wa, kuɗi (galibi rabi a farko, rabi bayan miƙawa), da tsawon lokacin da kai kaɗai ke da ikon kaɗawa kafin a sake shi ga kowa. Yanzu an fi yin karo-karo, makaɗa goma ko ashirin su haɗa kuɗi, kowa ya sami ikon gabatarwa a garinsa. Matsalar da ta fi yawa ita ce mai tsara kiɗan ya zauna a gaban fiyano ya rubuta. Sai ya haɗa sauti biyar a bugu ɗaya alhali sanduna huɗu ne, ko ya nemi sauti ya daɗe yana amo alhali katako yana mutuwa da wuri, ko ya sa tsalle daga wannan ƙarshe zuwa wancan cikin ƙiftawar ido, ya manta tazarar ta haura mita biyu, ko ya nemi a canja sanduna bai bar ko daƙiƙa uku na yin hakan ba. Maganin shi ne a kawo shi gaban marimba tun kafin ya rubuta layin farko, a ba shi sanduna ya riƙe, sannan a riƙa karɓar aikin shafi-shafi ana gwadawa.

Sababbin ayyukan nan ne suka tona asirin kayan kiɗan. Marimbar lokacin mai oktaf huɗu ce, muryarta ba ta ratsa babban zaure, sautinta na ƙasa kuma ba shi da kauri. Abe ta yi shekaru tana aiki da injiniyoyin Yamaha: a 1971 aka fitar da mai oktaf huɗu da sabon tsarin sauti, a 1973 mai huɗu da rabi, a 1984 kuma samfurin YM-6000 mai oktaf biyar, wanda faɗinsa ya zama ma'auni ga masu kiɗan zaure. Wani amfanin oktaf na biyar shi ne sautinsa na ƙasa, C, ya yi daidai da na ƙasan celo, babban ɗan'uwan biyolin, don haka ana iya kaɗa ayyukan da Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ya rubuta wa celo ba tare da an ɗaga su sama ba.

Ya kamata mai wannan sana'a ya san abin da ke faruwa a cikin katakon, domin rabin matsalolin sauti daga nan suke. Ana fafe ƙarƙashin kowane katako kamar baka. Rage nama a tsakiya yana saukar da sauti, rage shi a bakin katako yana ɗaga shi. Maƙeri ba sauti ɗaya yake daidaitawa ba, uku ne a katako guda: na asali, da wanda ya ninka girgizarsa sau 4, da wanda ya ninka ta kusan sau 10. A zailofon ninki 3 ake nema, shi ya sa muryarsa take da kaifi, ta marimba kuma take da taushi. Akwai wurare biyu da katakon ba ya girgiza, kusan kashi 22 cikin ɗari na tsawonsa daga kowane baki. Ta nan ake huda a zura igiyar da ke riƙe shi. Idan sanda ta sauka a kan igiya, sautin yakan fito a mace, kuma wannan shi ne kuskuren farko na kowane sabon ɗalibi. Ana bugun tsakiya ko ɗan gefen tsakiya, a jeri na sama kuma ana iya bugun can bakin katako idan gudu ya yi yawa.

Bututun da ke ƙasa a toshe yake a gindi, tsawonsa kuma kusan rubu'in tsawon zangon sautin ne. Sautin C na ƙasa yana girgiza kusan sau 65 a daƙiƙa, don haka yana buƙatar bututu mai kusan mita 1.3, wanda ya fi tsayin marimbar daga ƙasa. Shi ya sa za ka ga bututun ɓangaren hagu a lanƙwashe ko a faɗaɗe kamar akwati. Zafi yana raba katako da bututunsa: katako yana sauka, iskar cikin bututu kuma tana hawa, sai sautin ya gajarce ya rasa cika. A marimba mai kyau ana iya motsa murfin gindin bututun ƙasa a dawo da daidaito, kuma mai kiɗa yakan yi hakan bayan an kunna fitilun dandali, ba kafin ba.

Itacen da aka fi so shi ne rozwud na Honduras, wanda ke fitowa a Beliz, Gwatamala da kudancin Meziko. Ya yi ƙaranci, kuma tun 2013 cinikinsa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare halittu masu fuskantar ƙarewa. Marimba mai oktaf biyar ta wannan itace tana haura dala 10,000 nesa ba kusa ba. Mai rahusa ana yin ta da jan itacen padauk na dazukan Kamaru da Gabon, wanda ya isa koyo amma amonsa bai kai ba, ko da katakon roba da gilashi wanda ba ruwansa da yanayi. Idan a ƙasarmu za a ajiye ta, wannan batu ba ƙarami ba ne: itacen yana son danshin iska tsakanin kashi 40 da 60, hunturu kuwa yakan saukar da shi ƙasa da 20. Katakon sautin ƙasa, wanda kaurin tsakiyarsa 'yan milimita ne kawai, shi ke fara tsagewa. A rufe ta da bargo, a nisanta ta da taga da rana, a sa na'urar ƙara danshi a ɗakin.

Sanduna su ne muryar mai kiɗa. Kowace tana da ƙota ta gora mai lanƙwasa ko ta busasshen itace, tsawonta ɗan sama da santimita 40, da kai na roba da aka naɗe da zare. Mai taushi da nauyi na ɓangaren ƙasa ne, mai tauri na sama. Sanda mai tauri a kan katakon ƙasa tana fasa shi, mai taushi a sama kuma ba a jin ta. Saboda haka ake riƙe jeri mai hawa-hawa: mafi taushi a can hagu, biyu matsakaita a tsakiya, mai ɗan tauri a dama.

Riƙon sanduna huɗu iri uku ne sanannu. A riƙon gargajiya, wanda Abe take amfani da shi, ƙotoci biyu suna gicciye a tafin hannu, babban yatsa da manuniya suna buɗe su, ƙananan yatsu biyu suna riƙe mahaɗar. Yana ba da ƙarfi da nauyin hannu, amma sauya tazara da sauri yana da wuya. Riƙon Gary Burton shi ma gicciye ne, an fi ganin sa wajen masu jaz. Riƙon Leigh Howard Stevens, wanda ya bayyana a littafinsa na 1979, ba ya gicciye: ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna riƙe sandar waje, sauran ukun suna riƙe ta ciki, hannu yana tsaye kamar za a yi musabaha. Yana ba kowace sanda 'yancinta da buɗewa mai faɗi, amma sai an yi watanni kafin yatsu su yi ƙarfi, kuma yakan fitar da bororo a gefen yatsan tsakiya. Babu wanda ya fi wani a kowane fanni. Ka ɗauki na malaminka, ka zauna a kansa aƙalla shekara biyu kafin ka yi tunanin canji. Masu tsalle daga wannan zuwa wancan su ne ke kai shekara biyar ba su mallaki ko ɗaya ba.

Tsarin koyo kuwa ba ya son gaggawa. Shekarar farko ta sanduna biyu ce: matakan sauti goma sha biyu manya da ƙanana, karatun rubutun kiɗa, da kaɗa jerin bugu mai sauri a katako ɗaya domin sauti ya zama kamar dogon numfashi. Wannan jerin bugu a ɓangaren ƙasa a hankali ake yin sa, domin katakon yana daɗewa yana amo, a sama kuma sai an ƙara sauri. Da an shiga sanduna huɗu, ana fara bugun biyu tare a hannu ɗaya, sai bugun ɗaya ita kaɗai ta hanyar juya tsintsiyar hannu yayin da ɗayar take tsaye, sai musaya tsakaninsu, sai bugu biyu a jere da motsi guda. A sa na'urar ƙidayar lokaci a kan bugu 60 a minti, kada a ƙara sai an yi sau goma babu kuskure, a kuma ƙara huɗu-huɗu. Minti 15 zuwa 20 sun isa a makonnin farko. Ciwon tsoka na gajiya daban, zafi mai suka a tsintsiyar hannu ko gwiwar hannu daban. Na biyun alamar kumburin jijiya ce, kuma yawanci daga matse ƙota ko tsayin marimba da bai dace ba yake zuwa. Katakai su kasance ɗan ƙasa da inda hannu yake idan an sake kafaɗa.

Akwai wata wahala da mai fiyano bai san ta ba. Shi yatsunsa suna taɓa abin da zai danna, mai marimba kuwa ba ya taɓa katako sai lokacin bugu. Faɗin katakai yana raguwa daga kusan santimita 7 ko 8 a ƙasa zuwa kusan 4 a sama, kuma kowane kamfani da nasa awo. Hannun da ya haddace tazara a marimbar gida yana iya kuskure a ta zauren da aka gayyace shi. Shi ya sa ƙwararru suke tambayar samfurin da za su tarar tun kafin tafiya, suke neman sa'o'i biyu ko uku a kansa kafin ranar kiɗa, wasu kuma suke tafiya da tasu: a kwance ta, katakai a naɗe cikin bargo, bututu a akwati, ƙafafu daban, mota guda cike. Ƙafa ma tana da nata darasi. Ana tafiya gefe-gefe, cibiya tana fuskantar tsakiyar inda hannuwa ke aiki, kuma ana rubuta wurin taku a takardar kiɗa kamar yadda ake rubuta wace sanda za ta buga.

Tsara kiɗa a wajen Abe daga ƙirƙira nan take ya fito. Takan tsaya gaban marimba tana kaɗa abin da ya zo mata, daga baya ta rubuta abin da ya zauna. "Michi" ya bar wa mai kiɗa fili ya ƙirƙiri nasa, "Dream of the Cherry Blossoms" na 1984 kuma an gina shi a kan tsohuwar waƙar Japan ta furen sakura. Ayyukanta suna kwanciya a hannu, domin hannu ne ya haife su. Wannan ita ce fa'idar mai kiɗa da ke rubuta wa kansa, kuma a nan haɗarinsa yake: hannu yana son maimaita abin da ya saba, sai ayyuka goma su fito da fuska ɗaya. Mai son kauce wa haka ya naɗi abin da ya ƙirƙira, ya saurara bayan kwana biyu, ya zaɓi jimla ɗaya ko biyu, sannan ya bar gaban marimba ya gina sauran a takarda. Ta fuskar kuɗi, gajeren kiɗa na minti huɗu ko biyar da ɗalibin shekara ta biyu zai iya kaɗawa ya fi babban aiki mai wuya kawo riba, domin kowace shekara sababbin ɗalibai suna sayen sa.

Ba ta daina karɓar aikin wasu ba bayan ta fara nata. "Marimba Spiritual" na Miki, na marimba da makaɗa uku, an rubuta shi tsakanin 1983 da 1984 domin juyayin waɗanda yunwa ta kashe a Afirka a shekarun nan, ita kuma ta fara kaɗa shi a Amsterdam a 1984. Rabin farko addu'a ce mai sanyi, rabi na biyu kuma an ɗauko kiɗansa daga gangunan bikin Chichibu na Japan.

Koyarwa ita ce ginshiƙin da ke riƙe sauran biyun. Abe ta fara koyarwa a makarantar kiɗa ta Toho Gakuen a 1970, ta fara rangadin Amurka a 1977, a 1993 kuma ta zama mace ta farko da ƙungiyar makaɗa ta Percussive Arts Society ta sa a jerin gwarazanta. Evelyn Glennie, shahararriyar mai kaɗa kayan bugu ta Sikotilan, tana cikin waɗanda suka je Japan karatu a wajenta. An san ta da tsayawa a marimba ta biyu tana kiɗa tare da ɗalibi, domin ya ji numfashin jimla da nauyin sauti a jikinsa maimakon dogon bayani. Ɗaliban nan su ne suka kai ayyukanta ƙasashensu, suka koya wa nasu ɗaliban, suka sa makarantunsu sayen marimba mai oktaf biyar.

Ga mai neman aikin koyarwa yau, akwai abin da ya kamata ya sani tun da wuri. Manyan ƙungiyoyin makaɗa ba su da kujerar mai marimba. Jarrabawar shiga cikinsu a kan ƙaramar ganga, timfani (manyan ganguna irin tambari), zailofon da kuge ake yin ta. Jami'o'i ma galibi malamin kayan bugu gaba ɗaya suke ɗauka, a Amurka kuma yawanci sai mai digirin digirgir. Don haka wanda ya ƙi taɓa ganga saboda son marimba ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa. Sauran kuɗin shiga yana zuwa daga darussan gida, tarukan horo na lokacin hutu, alƙalanci a gasa, sayar da rubutaccen kiɗa, da yarjejeniya da kamfanin sanduna ko na marimba, wadda sau da yawa rangwame ce da aron kaya, ba albashi ba.

Idan babu marimba a kusa da kai, abubuwa uku suna yiwuwa tun yau. Koyi karatun rubutun kiɗa a kan kibod, a layin sama da na ƙasa duka, domin jerin katakai daidai yake da nasa. Nemi sanduna huɗu ka yi atisayen riƙo a kan matashi ko katifa, inda babu tsalle da zai ɓoye raunin hannu. Sannan ka zana katakai a kan faifan katako da awonsu na gaskiya, oktaf biyu ko uku, ka ɗora shi a tsayin ƙugu, ka riƙa bin matakan sauti kana rera su da baki. Lokacin sayen ta farko, mai oktaf huɗu da sulusi wadda ta sauka zuwa sautin A ta isa yawancin kiɗan shekaru uku na farko. Kafin ka biya, buga kowane katako da sanda mai taushi ka saurara: ƙara mai kama da zizar ƙuda tana nufin tsaga a katako, ko igiya ta saki, ko ƙusa ta kwance a bututu. Biyun ƙarshe gyaran minti biyar ne, tsaga kuwa sai an sake katakon.